Allon Darakta Tanko da Waƙar Inna Hajo

Akwai wani bawan Allah a Ikara da ake ce wa Tanko Mai Caji. Shagonsa yana bakin tasha, nan inda 'yan acaɓa ke fakewa idan hadari ya haɗo. Sana'arsa biyu ce: ya sa wa mutane waya a caji, ya kuma tura musu finafinai su je gida su kalla.

To, kun san wanda ya daɗe yana gadin rijiya, wata rana sai ya ɗauka shi ya haƙa ta. Tanko ya kalli finafinai har ta kai in jarumi ya buɗe baki, shi yake riga shi faɗin maganar. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa shi darakta ne, fim ɗin ne kawai bai riga ya yi ba.

Ya sayi hular hana-salla, yana juya bakinta baya. Magidanci ne fa, furfura har ta fara leƙe a gemunsa. In ka ce Mai Caji, sai ya yi kamar da wani kake. In ka ce Darakta, ko kana tsallaken titi ana ruwa da tsawa, zai ji ka.

Mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana can gida Saulawa. A zamaninta babu macen da ta kai ta iya daka. Ita da maƙwabciyarta Mama Cecilia, wadda aikin koyarwa ya kawo mijinta daga kudancin Kaduna har suka zama 'yan gari, katanga ɗaya ta raba su, turmi ɗaya ya haɗa su. In suka kama lugude, Inna Hajo ke ba da waƙa, Mama Cecilia na yi mata amshi. An ce Inna Hajo takan cilla taɓarya sama, ta je ta juya miya, ta dawo ta cafe. Ni dai ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai ranar kasuwa.

Da injin niƙa ya shigo gari, aka kife turmi ya koma wurin zama. Waƙoƙin suka koma cikin ƙirjin tsofaffin biyu.

A cikin waƙoƙin nan akwai ɗaya da Inna Hajo ta yi tun tana da cikin Tanko, bayan ta jera 'ya'ya mata, dangin miji kuma sun fara yi mata kallon gefen ido. Tanko bai taɓa jin waƙar ba. Kunya irin ta iyayenmu mata: da ya shigo gida sai ta canja waƙa. Haka ya tashi bai taɓa jin ta yabe shi ba. In ya kawo mata atamfa, sai ta ce an gode, ta tambayi lafiyar yara. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai, ko da yake bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata Juma'a a farkon damina ya je gaishe ta kamar yadda ya saba. Ya tarar da su biyun a gindin mangwaro suna ɓarar gyaɗar iri. Ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, aka tambayi ruwa. Ya lura Inna ta faɗa, zoben azurfarta har yana yawo a yatsa.

Can ta nuna aljihunsa da haɓa.

"Wannan abin naka da ke kama murya, yana kama ta tsofaffi?"

"Inna, har kukan sauro yana kamawa."

"To akwai wata waƙa, ta daka ce. Kwanan nan in na neme ta sai in tarar wani baiti ya fice, kamar kaza ta bi ta ƙasan danga. Ka ɗauke ta kafin su watse duka. Ga Cecilia, sai ta yi mini amshi."

"Wace waƙa ce, Inna?"

Ta mai da ido kan gyaɗarta. "Ta wani ce."

Mama Cecilia ta yi dariya har kwandon cinyarta ya karkace. "Taka ce, ɗan nan. Tun kana ciki take ɓoyonta kamar ƙulli a bakin zane. Yau da Allah ya sa ta saki, sai ka yi maza."

Jama'a, wayar tana aljihunsa. Caji cike, mai caji ne fa. Rana ta yi sanyi, ga mai waƙa, ga mai amshi, ko akuya ba ta kuka. Abin da ya rage ya danna ɗan jan maɓallin nan.

Amma sai wani abu ya raɗa masa a kunne. Yau da Inna za ta yabe ka, a haka za ta gan ka, kana tsugune da waya kamar yaran da ke ɗaukar rawa a gidan biki? Ai kamata ya yi ta ga abin da ka zama.

Ya gyara zaman hula. "Inna, wannan ba aikin da ake yi a gurguje ba ne. Sai da allo."

"Allo kuma?" in ji Mama Cecilia. "Karatu za a sa mu da tsufanmu?"

Ya yi musu bayani. Allo ne baƙi, ana rubuta sunan fim da sunan darakta a jiki. A samansa akwai sanda mai zane fari da baƙi, tana buɗewa tana rufewa kamar bakin kada. Kafin a fara ɗauka sai a ɗaga ta a buga, kaf, kowa ya san aiki ya fara. Babu daraktan kirki da ke ɗaukar ko tari ba tare da shi ba.

"A kasuwa ake sayarwa?" Inna ta tambaya.

"Da hannuna zan yi. Juma'a mai zuwa za ku gani."

Inna Hajo ta dube shi, ta dubi aljihun, sannan ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Allon farko da guntun silin ya yi shi, ya haɗa sandar da yankin tsohuwar taya. Ya tara 'yan acaɓa a ƙofar shago domin gwaji. Ya ɗaga, ya buga. Sai abin ya ce fuf, kamar an mari filo.

"Darakta, wannan ai ko ƙuda ba zai tashi ba," in ji ɗaya.

Suka yi ta dariya har aka kira la'asar. Ranar Juma'a bai je Saulawa ba. Da wane ido zai kalli Inna hannu babu allo?

Ranar kasuwar Makarfi ya hau mota ya tafi wurin Ilisha, ɗan Mama Cecilia, wanda yake kafinta a can. Tare suka tashi, tare suka sha dukan satar rake.

"Kai, Darakta da kansa. Yau wa za a kashe a fim ɗin?"

"Bar shashanci. Guntun katakon maɗaci nake so mai kauri, da aron zarto."

Ilisha ya saurari bayanin, ya share zufa da gefen riga. "Wannan? Zauna ka sha rake, kafin ka tofar da ɓawon farko na buga maka shi. Gobe ka kai Saulawa."

"A'a. In ka yi, ai naka ne. So nake in ce mata ni na yi."

"Mama ta ce Inna na jiranka."

"Na sani."

"Kai dai ka sani," in ji Ilisha, ya miƙa masa katakon.

Tanko bai taɓa riƙe zarto ba. Yankan farko ya tafi a karkace kamar hanyar mashayi. Na biyu ya tafi da fatar babban yatsansa. Ya yi ta goga samfefa a bayan shago, masu karɓar waya na tsaye suna kiransa, har katakon ya yi sulɓin da in ƙuda ya sauka sai ya zame.

Saura abin da zai riƙe sandar. Ya dawo gida ya yi ta kewaye yana duban ƙofofi, har idonsa ya sauka a tagar kicin. Matarsa Juwairiyya ta dawo daga unguwa ta tarar da tagar a jingine da bango, ruwan sama na feshi cikin tukunyar tuwo.

"Baban yara, ɓarawo ne ya shigo?"

"Hinji na ara."

"To a gaya wa fim ɗin ya zo ya tuƙa tuwo."

Hinjin tagar ma bai yi ba. Tsatsa ta cinye shi, kafin allo ya ce kaf sai ya fara cewa ƙiii, kamar ana yanka ɗan akuya. Wani ya ba shi labarin wani tsoho a Kudan mai tara tsofaffin akwatuna, yana da hinji na tagulla. Tanko ya rufe shago ya kama hanyar Kudan, alhali Saulawa ta fi kusa.

Ana cikin haka masara ta nuna. Inna ta aiko masa da ɗanya a buhu ta hannun wani direba, tare da saƙo: a gaya masa baiti ɗaya ya tafi.

Ya ci masarar, amma ba ta wuce masa da daɗi ba. Ya ce a ransa, fenti kawai ya rage.

Fenti kuwa da damina ba sa shiri. Ya shafa baƙi, ya ƙi bushewa. Da ya bushe, ya manna salatif ya ja zanen fari da baƙi a jikin sandar, ya shanya a tsakar gida. Kazar maƙwabta ta zo ta bi ta kai a natse, ta bar masa sa hannunta tun daga wannan gefe har wancan. Ya kankare, ya sake.

Mama Cecilia ta kira shi da 'yar wayarta mai tocila.

"Tanko, ka mutu ne ba a gaya mana ba?"

"Mama, ina kwana. Aiki ne ya..."

"Ban tambaye ka kwana ba. Jiya mun gwada waƙar nan, uwarka ta kai tsakiya ta tsaya, tana dubana kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Ta ce kanta na sara mata. Kowace Juma'a sai ta sa a share gindin mangwaro."

"Saura kaɗan, Mama."

"Haka mai gina rijiya da allura ya ce."

Ta kashe.

Juwairiyya ta ji komai. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Ba ni wayar in je in ɗauko maka."

"Ke kin san inda ake tsayar da kyamara? Kin san haske?"

"Na san inda ake danna ja."

Ya hana. Ita kuwa washegari ta ɗauki tata wayar, ta hau acaɓa ta tafi Saulawa. Da yamma ta dawo jiki a sanyaye.

"Ta ƙi. Ta ce ba waya take so ta ji ba. Ta ce wanda aka yi wa waƙar ya zo da kunnensa."

Kowa ya ji wannan magana ya san abin da tsohuwa take nufi. Ban da Tanko. Shi sai ya washe baki ya ce, "Kin gani ko? Inna ma ta san aikin ƙwararru daban ne."

Juwairiyya ta ɗauki tsintsiyarta ta kama shara.

Kada in zalunce shi, ba wai hankalinsa a kwance yake ba. Kullum in ya zauna yana gyaran allon nan, sai zoben da ke yawo a yatsar Inna ya faɗo masa a rai. Yakan zaro waya zai kira, sai ya tuna abin da za a tambaye shi, ya mayar aljihu. Mutumin da ba ya fashin Juma'a a Saulawa, sai ga shi damina ta kusa ƙarewa bai taka ba. Tun yana jin kunyar zuwa babu allo, har ya koma jin kunyar daɗewar da ya yi, ya kuma ga babu abin da zai wanke shi sai allon da ya fi na kowa kyau. Haka ramin ya yi ta zurfi, shi kuma yana ta yi masa ado.

Sai da aka fara yankan gero allo ya kammala. Kuma a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Baƙi wuluk, layuka farare tas, hinjin tagulla na ƙyalli. Ya sake tara 'yan acaɓa, ya ɗaga sanda ya saki.

Kaf.

An ce tantabarun tasha duka sai da suka tashi, wani mai shayi ya saki buta, wani kurma a bayan kasuwa ya waiwaya. 'Yan acaɓa suka tafa masa.

"Yau kam sai Saulawa, Darakta."

"Saura suna," in ji shi.

Ya zauna da ɗan burushi ya rubuta da farin fenti, harafi bayan harafi: DARAKTA TANKO. Ya jingine shi a inuwa ya bushe. Ranar Laraba ce. Ya ce Juma'a ta yi, ya kai sabuwar rigarsa guga.

Alhamis da hantsi yana jera wayoyi, sai ga Ilisha a kan babur, ko kashe injin bai yi ba. Babu Darakta, babu zolaya.

"Rufe shagon. Hau mu tafi."

Inna Hajo ta faɗi ne a bakin randa tana shirin alwala. Mama Cecilia ce ta jiyo ƙarar buta ta leƙo ta katanga. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya taɓa ɓarin dama. Hannu ya saki, ƙafa ta saki, baki ya karkace. Rai dai yana nan. Magana ce babu.

Tanko ya tsaya a bakin gado yana cewa, "Inna, ni ne. Inna, na zo." Ta dube shi da idanunta duka biyu, sarai ta gane shi. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Abin da ya fito bai wuce iska ba.

Ya tambayi likita ko maganar za ta dawo. Likita ya ce wasu tana dawo musu, wasu kuma a'a, a dai ci gaba da magani da addu'a.

Aka sallamo ta aka mai da ita gida. Tanko ya tura allon can ƙarƙashin gado, ya tura hular ta bi shi. Ya koma zuwa Saulawa kusan kullum, yana ɗaga ta, yana juya ta, yana ba ta kunu a cokali. Ba ya iya haɗa ido da Mama Cecilia. Haka aka yi ta tafiya har aka gama girbin dawa.

Wata rana yana wanke kofi a bakin rijiya, Mama Cecilia ta tsaya a kansa.

"An gama allon?"

Ya sunkuyar da kai. "An gama, Mama."

"Gobe ka zo da shi."

"Mama, don Allah..."

"Ka zo da shi, na ce. Damina guda ta yi tana jiran abin nan. Ko ba komai ta ga fuskar wanda ya riƙe mata ɗa."

Washegari da la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, aka jingina Inna da filo. Juwairiyya ta zauna daga gefe. Tanko ya zaro allon daga cikin buhu kamar mai fito da kayan sata, ya durƙusa ya nuna mata.

Inna Hajo ta daɗe tana kallon fararen haruffan nan. Sai a lokacin Tanko ya tuna abin da ya sani tun yana yaro: Inna ba ta karanta boko.

"Sunansa ya rubuta miki, ƙawa," in ji Mama Cecilia. "Ko da kin manta wanda kika raɗa masa."

Babu wanda ya yi dariya.

Mama Cecilia ta juyo gare shi. "To, Darakta, ga mu. Yi abin da ake yi."

Ya jingina wayar a kan kifaffen turmin, ya danna ja. Ya ɗaga sandar. Akwai kalmomin da ya yi wata da watanni yana bitarsu a gaban madubi, waɗanda ake faɗa kafin a buga. Duk suka ɓace masa. Sai kawai ya saki sandar.

Kaf.

Inna Hajo ta zabura kaɗan. Idanunta suka bar fuskarsa suka koma kan allon. Hannunta na hagu, mai lafiyar, ya taso daga kan zane, ya miƙo.

"Ba ta," in ji Juwairiyya a hankali.

Ya ɗora mata a cinya. Ta lalubi sandar, ta ɗaga da ƙyar, ta saki. Kaf. Ta sake ɗagawa. Kaf. Na uku ya zo da wuri, na huɗu ya ɗan jinkirta, sannan bugun ya daidaita, yana tafiya yana dawowa.

Mama Cecilia ta dafe ƙirji. "Daka take yi."

Ta gyara zama, ta fara tafi a tsakanin bugun, kamar taɓarya ta biyu. Leɓen Inna na motsi, kanta na kaɗawa, ana ganin waƙar na tafiya a cikinta, baiti guda cur, babu ko sauti. Da ta kai ƙarshensa ta ɗaga gira, kamar yadda ta saba yi tun suna amare. Mama Cecilia ta karɓa da tsohuwar muryarta:

"Ya dai zo, ya dai zo,
Ko hannu rabbana, ya dai zo."

Kaf. Kaf. Leɓe ya sake motsi. Shiru mai tsawon baiti. Gira ta ɗaga.

"Ya dai zo, ya dai zo,
Ko hannu rabbana, ya dai zo."

Haka suka yi ta yi. Wani wurin Inna ta yi murmushi da rabin bakinta, wani wurin hawaye ya gangaro ta gefen da ya mutu. Wani baitin ta dubi sama, wani ta dubi ɗakin marigayi mijinta. Na ƙarshe kuwa Tanko ta kafa wa ido tun daga farkonsa har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi. Sannan ta kwantar da sandar, ta ɗora tafin hannunta a kai.

Tanko yana durƙushe, gaban rigarsa ya jiƙe.

"Mama," ya ce da ƙyar, "baitocin fa? Ke ai kin sha ji."

"Na sha ji. Amma ni 'yar amshi ce, ɗana. Mai amshi idonta na kan taɓarya, kada ta fasa wa ƙawarta hannu. Na san akwai sunan kakanka a ciki. Akwai ruwan da aka kwana ana yi ranar da aka haife ka, wanda ta ƙara daga baya. Akwai gorin da aka yi mata. Amma yadda ta jera su, da abin da ta ce a na ƙarshen nan, yana nan." Ta nuna ƙirjin Inna Hajo.

"Amshin kuma?"

"Wannan kam nawa ne, ba zan manta ba. Tana da cikinka mata suka riƙa tsokanarta, wai wannan da ake ta jira, me zai zo da shi, sarauta ko dukiya? Ta ce ita ba ta aike shi kawo komai ba. Ya dai zo."

Ta tashi tana dafa gwiwa, ta kakkaɓe zane.

"Ni da ka tambaye ni tun farkon damina, da na rera maka shi kyauta."

Har yau hoton bidiyon nan yana cikin wayar Tanko. Bai taɓa tura wa kowa ba, shi da sana'arsa tura wa mutane fim. In kasuwa ta yi sanyi sai ka gan shi a lungun shago ya toshe kunne, ya ƙura wa leɓen tsohuwa ido, yana mai da hoton baya, yana sake mayarwa, ko Allah zai sa ya tsinci kalma ɗaya. Wani lokaci yakan ce ya ga kamar ta ce Tanko. Juwairiyya takan ce ita ma ta ga kamar haka.

In 'yan acaɓa suka tambaye shi labarin fim, sai ya ce sautin bai fita ba. Kuma yanzu in ka ce Mai Caji, yana amsawa.

Allon kuwa yana Saulawa, a gefen shimfiɗar Inna Hajo. Ta ƙi yarda a ɗauke. Da shi take kira in tana son ruwa, da shi take korar kaji, da shi take tsawata wa jikoki. Gumin hannunta ya goge farin fentin nan, sunan ya shuɗe, sai ɗan alamar harafi. In ta buga kaf, gidan duka sai ya motsa, wanda ke riga kowa isa kuwa wani magidanci ne mai furfura a gemu, ba hula, hannu rabbana.

Darasi: Wanda yake jiranka, kai yake jira, ba abin da za ka riƙo ba. Girman kai ba kullum yake zuwa da ɗaga hanci ba, wani lokaci da sunan gyara yake zuwa, ya ce maka saura kaɗan, har ƙofa ta rufe. In kana da tsoho ko tsohuwa da ke da magana a baki, je ka saurara yau da abin da ke aljihunka, allon ya biyo baya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san Juma'a ta daɗe ba ta gan shi a gida ba.